Golf ɗina tana tofar da giya lamba biyar: kuloci ne ko giyabos?

"Assalamu alaikum Oga. Ina da Golf 3 mai giyar hannu, inji 1.8, ina ɗaukar fasinja da ita tsakanin Kano da Katsina. Kusan wata biyu ke nan, in na sa lamba biyar ina tafiya, da zarar na ɗaga ƙafa daga totur sai sandar giya ta fizge ta koma firi, in na mayar da ƙafa inji ya kama ihu. Da farko sau ɗaya take yi a yini, yanzu kuwa sai na riƙe sandar da hannu. Wani bakanike ya ce kuloci ne, aka canja filet, ba ta daina ba. Wani kuma ya ce in sayi giyabos ɗan Baljiyam kawai in huta. Kafin in sake zuba kuɗi, don Allah mene ne ainihin ciwon motar nan?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka. Ka taimake ni da ka faɗi abubuwa uku: lambar giyar da ke fita, lokacin da take fita, da yadda abin ya riƙa ƙaruwa a hankali. Yawancin masu zuwa gareji abin da suke cewa kawai shi ne "giya ba ta zama", sai ka yi ta jan su da tambaya kamar mai tatsar saniya.

Bari mu fara cire kuloci daga zargi, tunda shi aka fara kamawa. Akwai ciwo biyu da direbobi ke kira da suna ɗaya. Na farko, ka taka totur, inji ya ɗaga murya, mota ba ta ƙara gudu ba, amma in ka duba sanda tana nan a lambar da ka sa ta. Wannan santsin kuloci ne, filet ya cinye ko mai ya jiƙa shi, kuma sau da yawa za ka ji ƙauri a hawan tudu. Na biyu shi ne naka: sandar da kanta ta bar wurinta ta dawo tsakiya. Kuloci ba shi da hannun da zai tura sanda. Aikinsa haɗa inji da giyabos da raba su, shi ke nan. Don haka canja filet a kan irin matsalarka, an bar jaki ne ana dukan taiki. Iyakar alaƙarsa da zancen ita ce, kulocin da ba ya saki sosai in an taka shi yana sa giya ta riƙa gurzawa wajen shiga, gurzar nan kuma ita ke cin haƙoran da za mu yi magana a kansu yanzu. Wato yana iya zama sanadi na nesa, amma sabon filet ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye.

Abin da ke riƙe giya a wurinta

Mutane da yawa suna zaton in ka sa giya, a lokacin ne manyan haƙoran suke shiga juna. Ba haka ba ne. A giyabos irin na motarka, giyoyin gaba duka biyar haƙoransu a sarƙe suke da na abokan tafiyarsu kullum, ko motar tana firi. Sai dai a kowane biyu, ɗaya sake yake juyawa a kan shaf, wato sandar ƙarfen da giyoyin ke jere a kanta, bisa wani siririn boris, ba ya jan komai. In ka tura sanda, wani ƙarfe mai kama da cokali mai yatsa biyu, wanda muke kira fok, shi ke tura wani zoben ƙarfe mai haƙora ta ciki, wato silif, ya hau kan wasu ƙananan haƙora da ke gefen giyar. Da ya hau, giyar ta kulle da shaf, ƙarfin inji ya bi ta cikinta. A tsakaninsu akwai zoben jan ƙarfe, mai launin ruwan zinariya, wanda aikinsa daidaita gudun ɓangarorin biyu kafin su haɗu don kada su yi ƙara.

To waɗannan ƙananan haƙoran su ne sirrin maganar. In ka ɗauki sabuwar giya ka duba su da kyau a rana, za ka ga gindinsu ya ɗan fi wajen bakinsu siranta. Da gangan aka yanka su haka, don in nauyi ya hau, su riƙa jawo silif ciki kamar ƙugiya. Duk ranar da direba ya sa giya ta yi "ƙirrr", wani ɗan abu ya gutsure daga bakin haƙoran nan. Shekara da shekaru sai ƙugiyar ta goge, haƙorin ya koma kamar tsinin fensir. Daga nan nauyin da a da yake jawo silif ciki, shi ne zai riƙa tunkuɗa shi waje. Ban da haƙoran akwai kuma wata 'yar ƙwallo da sifirin ke dannawa cikin wani gurbi, ita ce ke ba ka wannan ɗan "ƙwas" da kake ji a hannu in giya ta zauna. Sannan dole giyar kanta ta tsaya cak a kan shaf, kada ta riƙa zamewa gaba da baya. In silif bai shiga har ƙarshe ba, ko haƙora sun goge, ko sifirin ya mutu, ko giyar tana wasa a kan shaf, sakamakon ɗaya ne a hannun direba. Shi ya sa ba a yanke hukunci da jin labari kawai.

Me ya sa sai ka ɗaga ƙafa? Saboda a wannan ƙiftawar idon ne nauyi ke juyawa. Kana kan totur, inji ke jan taya. Ka ɗaga, taya ke jan inji. Haƙoran suna sakin gefen da suka jingina su koma ɗaya gefen, kuma a tsakanin nan akwai ɗan lokacin da babu abin da ke matse su. Ga shi kuma manyan haƙoran giyoyin gaba a karkace aka yanka su don rage ƙara, karkacewar nan tana tura giya gefe guda in ana ja, ta tura ta ɗaya gefen in an saki. A daidai lokacin kuma inji da giyabos gaba ɗaya suna girgizawa a kan kujerunsu. Duk wani sako-sako da ke cikin motar, a nan yake tona kansa.

A fara daga waje

Ƙa'idata a gareji ita ce ba na sauke giyabos sai na gama da duk abin da hannu zai iya taɓawa yana jikin mota. Ba don tsoron aiki ba, sai don na sha ganin an sauke, an buɗe, an mayar, ciwon kuwa yana waje yana kallonmu.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ɗaga robar ko fatar da ta rufe gindin sandar giya. Wata ta bushe ta ƙandare, wata kuma mai ɗinkin kujera ya ɗinka sabuwa ya matse ta, sai ta riƙa jan sandar baya kamar danƙo. Lamba biyar tana can kusurwar dama ta sama, ita ta fi nisa, ita wannan jan ya fi shafa. Ka cire ta gaba ɗaya ka yi tafiya ɗaya ka gani. Ka duba ramin kuma, don na taɓa ciro murfin biro da tsabar kuɗi a wurin.

Sai sandunan da suka tashi daga ƙarƙashin sandar giya zuwa giyabos. Golf 3 mai inji 1.8 da sandunan ƙarfe take aiki, masu bushin na roba a mahaɗarsu da wata ƙwallon roba a kan liba, ba da kebur ba irin na Passat da Golf mai babban inji VR6. An daina ƙera Golf 3 tun wajen ƙarshen shekarun 1990, ka ga robobin nan sun ga rana da ƙura ba kaɗan ba. In sun cinye, kai ka tura sanda har ƙarshe, amma abin da ya isa giyabos rabin turin ne. Silif ya kama bakin haƙora kawai, ya riƙe na ɗan lokaci, nauyi na juyawa ya suɓuce. Yadda ake ganewa: mota a kashe, wani ya zauna ciki yana sa giyoyi, kai kana kallo ta bonet. Duk mahaɗar da ɓangare ɗaya ya motsa ɗayan ya tsaya jira, nan ne. Bayan ya sa lamba biyar, ka kama libar da ke jikin giyabos da hannu ka ƙara tura ta. In ta ƙara shiga har ka ji ta ce ƙwas, to giyar ba ta cika shiga daga ciki, kuma ka yi sa'a. Robobin nan ana samunsu a Ƙofar Ruwa, kuɗinsu bai kai komai ba idan aka kwatanta da giyabos. Sai dai a daidaita sandar bayan an sa su, akwai wani kilam da ake sassautawa don haka. Kada a ɗaure da tsumma ko robar tayar keke a ce an gyara.

Daga nan kujerun inji. Golf 3 uku gare ta, ɗaya a gaba, biyu a baya, ta hagun ita ke ɗauke da giyabos. Ja birkin hannu, taka birki, inji na aiki, sa lamba ɗaya ka ɗan saki kuloci kamar za ka tashi, sannan ka yi haka a ribas. Wanda ke tsaye a gefen mota, ba a gabanta ba, ya kalli inji. Ɗan motsi ba laifi ba ne. Amma in ya ga inji yana ɗagowa kamar rago zai yi karo, ko an ji ƙwal, kujera ta yage. Sandar giya a jikin bodi take, giyabos kuwa yana tafiya da inji, don haka in inji ya yi tsalle sai ya fizgi sandunan ya cire giyar da kansa. Alamar da ke raka wannan ita ce, kana tafiya in ka taka totur ka saki, za ka ga sandar tana rawa gaba da baya sosai, kuma giyar takan fita a gargada ko in an faɗa rami, ba sai lamba biyar kaɗai ba.

Akwai kuma wani bol mai sifirin a cikinsa da aka ɗaura ta wajen giyabos, shi ke danna shaf ɗin zaɓen giya. Ana kwance shi ba tare da sauke komai ba. In sanda ta zama laƙwas, tana shiga giya ba tare da ka ji ta zauna ba, a duba shi.

Inda na fi zargi a motarka

Yanzu ga abin da ya sa tun ina karanta tambayarka hankalina ya tafi wuri ɗaya. Giyabos ɗin da ke cikin Golf 2 da yawancin Golf 3 masu inji 1.8, wanda ake kira 020, an san shi da wannan hali, kuma mafarin kusan kullum ƙarancin mai ne. Lamba biyar ba a cikin babban ɗakin giyabos take ba. Ɗakinta daban, can ƙarshe ta ɓangaren tayar direba, kuma mai yana isa gare ta ne ta hanyar fantsama. Duka man da giyabos ɗin ke ci kusan lita 2 ne. In ya ragu, sauran giyoyi suna iya samun abin lasa, amma lamba biyar ita ce ta farko da za ta kwana da ƙishirwa. Kai kuma sana'arka a kanta take. Daga ka bar Dawanau ka miƙi hanyar Bichi har Kankiya, lamba biyar ce ke ɗauke da mutane da lodin but, cikin zafin rana. Siririn boris ɗin da take juyawa a kai yana yin zafi, ya cinye, giyar ta fara lilo, ƙananan haƙoran su goge, fok ya ci. Abin yana farawa sau ɗaya a yini, ya koma kowane lokaci, daidai yadda ka faɗa.

Mutanenmu suna kula da baƙin mai, wasu ma duk sati biyu, amma man giya sai a shekara biyar ba a buɗe shi ba, tunda ba shi da sandar awo kuma babu fitilar da ke kunnawa dominsa. Ga shi yana tsiyaya a hankali ta sil, wato robar da ke tare mai, a inda shaf ɗin taya ke fita, da sil ɗin shaf ɗin zaɓen giya. A wannan giyabos akwai ma wata hanya ta uku: sandar da ke tura kuloci ta cikin tsakiyar shaf take bi, kuma tana da ɗan ƙaramin sil nata. In ya mutu, man giya yana bi ta nan ya zuba kan filet. Don haka ka koma wajen wanda ya canja maka filet ka tambaye shi, tsohon a bushe ya fito ko a jiƙe? In a jiƙe ne kuma yana warin man giya, wannan wari mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da ba ya ɓuya, to ka san inda manka ya tafi, kuma sabon filet ɗin ma yana kan hanyar lalacewa in ba a canja sil ɗin ba.

A hau da motar kan rami, a wuri mai daidai, kada a ɗaga gefe ɗaya da jak don awon zai yi ƙarya. Murfin awo yana gefen giyabos ta bayan tayar direba, da alanki mai lamba 17 ake kwance shi. Mai ya kamata ya zo daidai bakin ramin. In ka zura yatsa ka lanƙwasa ba ka taɓo komai ba, ka sami bakin zaren. Ni a irin wannan hali ba ƙari nake yi ba, juye sauran nake yi a farin kwano mai tsabta in fita da shi rana. Ɗan baƙin gari mai laushi ba abin damuwa ba ne a tsohuwar mota. Ƙyalƙyali mai ruwan zinariya yana nufin zoben jan ƙarfe na cinyewa. Gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ji tsakanin yatsu, ko ɓarɓashin roba da ya ƙone, wannan haƙori ne ko boris. A kwance murfin zubawa, wato na awon nan, kafin na juyewa, don kada ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi kwantuwa.

A zuba 75W-90 mai alamar GL-4. Na san abin da ake yi a bakin tasha: a kawo mai kauri lamba 140 a ce zai "riƙe giya". Ba ya riƙe komai. Kaurinsa ma hana shi isa cikin siraran boris yake yi, kuma da sanyin safiya a lokacin hunturu sai ka yi kokawa da sanda kafin ta shiga lamba biyu. Shi kuma GL-5 na difaransha an yi shi ne don wani aiki daban, wasu nau'o'insa ba sa shiri da zoben jan ƙarfe.

Zan faɗa maka gaskiya don kada ka sa rai da yawa. Na ga motocin da aka kama da wuri, aka cika mai, suka daina. Amma wadda ta kai wata biyu har sai an riƙe sanda, da wuya mai kaɗai ya warkar da ita. Abin daɗin shi ne, a wannan giyabos ana iya isa ga lamba biyar ba tare da an sauke shi ba. A cire tayar direba, a tallafe inji, a ɗan sassauto giyabos, a kwance murfin ƙarshe, ga ta nan a fili: giyar, silif, zoben jan ƙarfe, fok da boris. Bakaniken da ya san motar zai gama a yini ɗaya.

In an buɗe, ka tsaya a wurin ka gani da idonka. Ƙananan haƙoran giya da na cikin silif, bakinsu da kaifi ko sun yi sumul? Akwai launin shuɗi a ƙarfen, alamar ya sha wuta? A kama giyar a girgiza, tana lilo? A dubi yatsun fok inda suke shiga kwarin silif, in sun sirance ko sun yi mataki, ya tafi. A ɗora zoben jan ƙarfe a kan mazauninsa a danna, a auna tazarar da ta rage tsakaninsa da giyar, in ta sauko zuwa rabin milimita ya gama aiki. A duba bol ɗin da ke riƙe kayan a kan shaf ko ya sassauta, a kuma girgiza shaf ɗin kansa, don in babban boris ɗin da ke bayansa ne ya mutu, to aikin ya wuce na murfi, sai an sauke. Kuma giya da silif tare ake canja su. Sabon silif a kan tsofaffin haƙora, wata uku ka dawo. Wajen mayarwa, fok ɗin lamba biyar a wannan giyabos yana da zaren da ake daidaita zurfinsa da shi. In aka ɗaura da ka, ba a auna ba, sabbin kayan ma rabin shiga za su riƙa yi, su goge kamar na da.

Wani abu da zan roƙe ka: kada ka yarda a yi wa haƙora ciko da walda a goge da dutse. Ƙarfen giya an gasa fatarsa ne ta yi tauri, wutar walda tana kashe wannan taurin, abin da ya gutsure kuma cikin sauran giyoyin zai faɗa.

In da wata lamba ce, ko wata mota

Saboda masu karatu da matsalarsu ba irin taka ba ce sak, lambar da ke fita tana nuna inda za a duba. In biyu ne masu fok ɗaya, kamar uku da huɗu, a zargi fok ɗin ko silif ɗinsu, ko daidaiton sanda. In kusan duka ne kuma a gargada, kujerun inji da bushin. Lamba biyu da uku su suka fi shan gurza a motocin cikin gari, don haka nasu yawanci gogewar haƙora ce, kuma za ka tarar sun daɗe suna ƙara kafin su fara fita. Ribas a tsofaffin motoci ba ta da zoben jan ƙarfe, wata 'yar giya ce ke zamewa ta shiga tsakani, masu sa ta tun mota ba ta gama tsayawa ba su ke cinye ta. In kuma akwai kuka ko gurnani da ke canjawa in ka taka totur ka saki, boris ne.

Motocin da ke ja da baya, irin su Hiace, Hilux da tsohuwar 504, suna da nasu. A cikinsu lamba huɗu haɗa shaf ɗin gaba da na baya take yi kai tsaye, don haka tana bukatar inji da giyabos su zauna a layi ɗaya. An taɓa kawo mini wata Hiace da ke tofar da lamba huɗu, mai ita har ya sayi wani giyabos an ɗaura, sati biyu shi ma ya fara. Da muka sauke, sai muka tarar ɗan ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar filawil, wato faifan ƙarfen da ke bayan inji inda kuloci ke zama, wanda hancin shaf ke zama a ciki, ya ruguje, ɗaya daga cikin fil biyun da ke daidaita giyabos da inji babu shi, bol biyu na sama kuma ko ɗaura su ba a yi ba saboda wurin da wuyar kai hannu. Tun wani aikin kuloci da aka yi a baya abin ya faro. Giyabos ɗinsa na farko da ya sayar a banza, wataƙila lafiyarsa ƙalau. Tun daga ranar, duk motar da ta fara cire giya jim kaɗan bayan an taɓa kuloci, aikin da aka yi nake fara bi. Kai ma tunda an sauke naka kwanan nan, a bi bol ɗin da kujerun a tabbatar an ɗaure, ko da yake ciwonka ya riga aikin.

Gyara ko ɗan Baljiyam

Shawarar bakanike na biyu ba shirme ba ce, lokacinta ne bai yi ba. In an juye mai an ga gutsattsari da yawa, ko sauran giyoyi ma suna gurza, ko akwai gurnani a kowace lamba, to tara kayan ciki ɗaya bayan ɗaya zai iya fin kuɗin wani giyabos, sai a saya. Amma ka tuna ɗan Baljiyam ɗin ma daga jikin motar da ta kai shekarun taka aka ciro shi. In za ka saya, duba haruffan da aka buga a jikin naka ka nemi irinsu, don na dizal da na fetur tsawon giyarsu ba ɗaya ba ne, kuma ba kowane shaf ne ke shiga kowane filet ba. A sa kowace giya da hannu a juya shaf a ji. A kwance murfin juyewa a ga abin da zai fito. A yi magana a kan kwanakin gwaji tun kafin kuɗi su bar hannunka, a gaban shaida. Kafin a ɗaura a canja sil duka, tunda yana ƙasa, sannan a zuba sabon mai, domin da yawa a bushe suke zuwa, kuma na ga wanda aka ɗaura aka manta, bai kai Zariya ba.

In kuwa lamba biyar ce kaɗai, sauran huɗun suna shiga sumul babu kuka, ni gyaran ta murfi zan zaɓa. Ka san halin giyabos ɗinka, ba ka san na baƙo ba.

Duk wannan daga bayaninka na gina shi, ban ji kukan motar ba, ban taɓa sandarta ba. Zargina ya fi ƙarfi a kan mai da kayan lamba biyar, bushin na biye, amma wanda ya shiga rami ya fi ni gani.

Kafin ka samu zuwa gareji, ka daina riƙe sandar, kuma kada ka ɗaure ta da roba a jikin kujera kamar yadda wasu 'yan tasha ke yi. Ƙarfin da ke tunkuɗo silif bai tafi ko'ina ba, ka mayar da shi kan yatsun fok ne, suna gugar ƙarfen da ke juyawa sau dubbai a minti, garin da suke zubarwa kuma yana zagaya cikin man. Ko lafiyayyar mota ba a son a ɗora hannu a kan sandarta ana tafiya, saboda wannan dalilin. Ga haɗari kuma: ka fito za ka wuce tirela, ka ɗan sassauta ƙafa, giya ta fita, hannunka ɗaya a sitiyari, wata motar na tahowa. Ka haƙura da lamba biyar, ka yi tafiyarka a huɗu ka rage gudu, ɗan fetur ɗin da za ta ƙara sha bai kai kuɗin fok da shaf ba. Amma a duba man nan tun kafin lodin gobe, don in babu shi, huɗun ma ba za ta daɗe ba. In an juye, ka rubuto mini yawan abin da ya fito, da launinsa, da abin da ka gani a gindin kwanon.